Kafin Ka Taɓa Injin Motarka Saboda Hanyar Daji, Karanta Wannan

Duk shekara, da ruwan Agusta ya kankama, hanyoyin da suka ratsa fadamar Suru da Bunza da Bagudo suka koma taɓo, magana ɗaya ce ke yawo a garejin makanikai na Birnin Kebbi da Jega: "Motar nan ba ta da ja, a ƙara mata ƙarfi." Wani tarbo yake so a ɗaura masa, wato na'urar da ke ƙara cusa iska cikin inji, wani a buɗe masa famfon gas don ya ƙara ba inji mai, wani kuma ya ji labarin ana shiga ƙwaƙwalwar mota da kwamfuta a ƙaro mata ƙarfi. Na daɗe ina jigilar taki da shanshera a Hilux tsakanin gonakin fadama da bakin kwalta, na kuma taɓa zuba kuɗina a wannan harka, don haka abin yana ci mini rai. Mafi yawan kafewar da na gani da idona, injin ba shi da laifi a ciki. Akwai wurin da ƙarin ƙarfi ke da amfani, zan zo kansa, amma shi ne matakin ƙarshe, mutanenmu kuwa da shi suke farawa.

Abin da direbobi ke kira "ja" shi ne ƙarfin murɗawa na inji, wanda a takardun mota ake auna shi da Nm. Ka dubi mai faci idan notin taya ya ƙi kwancuwa: sai ya zura dogon bututu a hannun sifana ya danna, notin ya saki. Ƙarfin damtsensa bai ƙaru ba, tsawon ƙarfen ne ya ninka masa shi. Aikin da giya ke yi wa inji ke nan. Riƙe wannan hoton, duk bayanin da ke tafe a kansa ya dogara.

Mataki na farko: gano abin da ya tsayar da kai

Ranar da motarka ta kafe, kafin ka kira samarin ƙauye su tura, sauko ka duba. Kafewa iri uku ce, kuma maganinsu daban-daban.

Akwai wadda inji ke ta ruri, tayoyi na ta juyawa suna feso laka ko rairayi, mota ba ta motsi. A nan ƙarfi ya yi yawa, ƙasa ce ta kasa riƙe taya. Akwai wadda cikin mota ya zauna a kan tudun da ke tsakanin sawun tarakta biyu, tayoyi suka rasa nauyin da zai danne su. Sai ta uku, wadda tayoyi suka riƙe ƙasa gam, amma injin ya yi ta nishi, ƙararsa na raguwa har ya mutu, ko kuma ka ji ƙaurin kuloci. Wannan ta ukun ce kaɗai ke da alaƙa da ƙarancin ja, kuma ita ma sai idan ta faru kana cikin ƙaramar giyar ogzilari, wato giyar jan ƙafa huɗu ta tafiyar hawainiya da ake kira L4. In a babbar giya kake, zaɓin giya ne ya kayar da kai.

Ka yi damina ɗaya kana lura da haka. Za ka ga wacce ce ta fi samun ka.

Mataki na biyu: yi lissafin da makanike ba zai yi maka ba

Injin fetur na Hilux da ya cika ƙasar nan, 2TR mai lita 2.7, yana ba da kimanin Nm 240. Giya ta ɗaya tana ninka wannan kusan sau 4. Ƙaramar giyar ogzilari ta sake ninkawa sau biyu da rabi (a yawancin Hilux na zamani 2.566 ne). Haƙoran da ke cikin aksul su ma su ninka kusan sau 4. Haɗa su: 4 sau 2.5 sau 4, arba'in ke nan. Wato Nm 240 ɗin nan ya zama kusan 9,600 kafin ya kai ga tayoyi. Daga tsakiyar taya zuwa ƙasa kimanin santimita 38 ne, don haka ko an cire abin da ke salwanta a cikin giyabos, motar tana iya tura ƙasa da ƙarfin da ya kai tan biyu.

To, nawa ƙasa za ta iya karɓa? Busasshiyar kwalta tana riƙe taya da kusan kashi takwas cikin goma na nauyin mota. Lakar fadama mai santsi kuwa da ƙyar take riƙe rubu'i zuwa sulusi. Mota da kayanta idan sun kai tan biyu da rabi, lakar ba za ta karɓi fiye da kilo 600 zuwa 800 na turi ba, sauran duk juyin banza ne da haƙa rami. Injin da ke hannunka yanzu ya riga ya ninka abin da fadama ke iya ɗauka wajen sau uku. Idan ka biya kuɗi aka ƙara masa kashi ashirin cikin ɗari, abin da ka saya shi ne saurin binne kanka.

Dubi Land Cruiser mai injin 1HZ, wanda Toyota ta fito da shi tun 1990. Lita 4.2 ne, ba tarbo, ƙarfin dokinsa kimanin 130 kacal, bai ma kai na 2TR ba. Amma irinsa ne ke ratsa hamadar Agadas da kaya niƙi-niƙi. Sirrinsa shi ne jansa na kimanin Nm 285 yana zuwa tun injin na juyi 2,200 a minti, shi kuwa 2TR sai ka taka shi ya doshi 4,000 kafin ya ba da nasa duka. A daji, inda ja yake zaune a cikin juyin inji ya fi yawansa muhimmanci, domin da tafiyar hawainiya ake ƙetare mugun wuri.

Mataki na uku: koyi amfani da abin da ka riga ka saya

Abin takaici ne yawan direbobin da ke tuƙa mota mai jan ƙafa huɗu shekara da shekaru ba su taɓa shiga L4 ba. H4, wato babbar giyar ogzilari, ta hanyar burji ce da rairayi marar zurfi, inda kake da ɗan gudu. L4 ta taɓo ce da hawan dutse da gangara da fita da kaya daga gona. Kafin ka shiga L4 sai ka tsayar da mota cak, ka taka kuloci, in mai sarrafa giya da kanta ce ka mayar da ita N. Idan motarka tsohuwa ce mai makulli a tsakiyar tayoyin gaba, sauko ka murɗa duka biyun zuwa kulle tun kana kan busasshiyar ƙasa. Na sha ganin mutum ya sa ogzilari yana ta taka totur, ashe tayoyin gaba a sake suke.

A cikin laka da rairayi, giya ta biyu ko ta uku a L4 ta fi ta ɗaya, saboda ta ɗaya ƙarfinta ya yi yawa, nan take take yanke ƙasa. Zaɓi giyarka tun kafin ka shiga, ka ɗauke ƙafa daga kuloci gaba ɗaya, kada ka canja giya a tsakiya, domin daƙiƙar da ka taka kuloci a rairayi mota ta tsaya ke nan. Da ka ji tayoyi sun fara juyin banza, sassauta totur. In ta ƙi, tsaya, koma baya a kan sawunka. Giya ta ɗaya a L4 ka ajiye ta don duwatsu irin na ƙasar Zuru, da saukowa daga gangara inda injin ne zai riƙe motar maimakon birki. Da ka hau kwalta kuma ka fita daga ogzilari, domin a busasshiyar hanya farfelar gaba da ta baya ja-in-ja suke yi har wani abu ya karye.

Mataki na huɗu: taya da iska

Nan ne zan daɗe, domin nan ne kuɗi kaɗan ke yin aikin kuɗi mai yawa.

Wata shekara a hanyar rairayi ta ƙasar Arewa, bayan Kangiwa, na kafe da taki har bakin aksul. Wani dattijon direba ya tsaya, ya zagaya motar, ya daki taya da ƙafa. Ya ce, "Ɗana, wa ya busa maka tayar nan kamar ganga?" Na ce, "Baba, saboda kaya ne." Ya ce, "Ka taɓa ganin raƙumi ya kafe a nan? Je ka dubi tafin ƙafarsa." Ya sa muka rage iska, muka kwashe rairayin da ya taru a gaban tayoyi, motar ta fita a giya ta biyu ba tare da kowa ya tura ba.

Idan ka rage iska, wurin da taya ke taɓa ƙasa yana ƙara tsawo, nauyi ya bazu, taya ta hau saman rairayi maimakon ta nutse. Masu faci da yawa sukan busa taya har 45 ko 50 a ma'aunin iska na PSI ba tare da sun tambaya ba, alhali yawancin motocin nan a kwalta 30 zuwa 35 suke buƙata idan ba kaya. Ainihin adadin yana rubuce a jikin ƙofar direba. A rairayi mai laushi, sauko da ita 18 zuwa 20. A laka da duwatsu, 22 zuwa 26. Idan kana ɗauke da kaya mai nauyi, ka bar na baya sun ɗara na gaba. Kada ka sauka ƙasa da 15, domin taya na iya zamewa daga bakin wili, musamman idan ka karya sitiyari da ƙarfi. Matuƙar iska a rage take, kada ka wuce gudun kilomita 40 a awa, kuma da ka fito hanya mai kyau ka mayar da iskar. Taya marar iska a kwalta da zafin rana zafi take ɗauka ta fashe, kuma rayuka sun salwanta ta wannan hanya. Saboda haka abu biyu ba sa rabuwa da motar daji: ma'aunin iska naka na kanka, da ƙaramin famfo mai aiki da batir.

Sai zanen taya. Suɗaɗɗiyar taya a lakar Suru ko injin tirela ka ɗaura mata ba inda za ta. Mai alamar AT ta dace da wanda ke raba tafiyarsa tsakanin kwalta da daji. Mai alamar MT, mai manyan zane, ta fi a taɓo domin tana watsar da lakar da ta cika ta, amma tana da ƙara a kwalta, tana saurin cinyewa, kuma a rairayi takan yi haƙa idan ƙafarka na da nauyi. Mai ɗaukar kaya ya nemi mai alamar LT, jikinta ya fi kauri, ƙaya da kututturen gona ba sa saurin huda ta. In ta hannu za ka saya, duba lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta tsufa roba ce busasshiya, ko zanenta bai cinye ba, kuma ita ce ke tsagewa idan an rage mata iska.

Mataki na biyar: taya ɗaya na juyi, ɗaya na barci

A cikin aksul akwai haƙoran da ke barin tayar dama da ta hagu su yi gudu daban-daban a kwana. Illarsu ita ce ƙarfi daidai wa daida suke ba tayoyin biyu, kuma abin da mai santsi ta iya ɗauka shi ne iyakar abin da mai riƙo za ta samu. Shi ya sa za ka ga mota mai jan ƙafa huɗu ta kafe, taya ɗaya a gaba da ɗaya a baya suna ta wulwulawa, sauran biyun da ke kan ƙasa mai tauri ko motsi. Ƙarin ƙarfin inji duk ta wannan ƙofar yake zurarewa.

Maganinsa makullin aksul na baya. Wasu Hilux da Land Cruiser da shi suke zuwa, akwai maɓalli a gaban direba, wasu masu motar ma ba su san aikinsa ba. Ana danna shi a L4, mota na tsaye ko tana rarrafe, a cire da zarar an fita. In motarka ba ta da shi kuma kana da kuɗin da ka ware wa inji, a ganina nan ya fi cancanta ka kai su. Kafin nan, akwai dabarar tsofaffin direbobi: ja birkin hannu kaɗan, ba duka ba, ya ɗan riƙe tayar baya mai juyin banza, sai ɗayar ta sami rabonta.

Mataki na shida: auna kayanka

Hilux kimanin tan ɗaya aka yi ta ta ɗauka, har da direba da fasinja. Buhu mai kilo 100 guda goma ya cika ma'auni. Mu kuwa mukan loda ashirin, gaban mota ya ɗaga, tayoyin gaba su rasa riƙo, cikin ya sauko, sannan mu ce ba ta da ja. A mugun wuri, sauke rabi ka yi sawu biyu. Ya fi kwana a fadama sauƙi.

Mataki na bakwai: dawo da ƙarfin da injin ya zubar

Kafin a yi maganar ƙari, a tambaya ko na asali yana nan. Ƙurar hunturu da ta hanyar burji tana toshe matatar iska cikin 'yan makonni. Matatar mai ta cika da datti da ruwa, nozul sun gaji, fulogi sun ƙone, salansa ta toshe, birki na kamawa. Sau da yawa kuma kuloci ne ya cinye: sa giya ta huɗu kana tafiya a hankali ka taka totur, in ƙarar inji ta tashi gudu bai ƙaru ba, ka sami ɓarawon. A sa makanike ya auna matsin silinda, a wanke lagireto ciki da waje, a tabbatar fanka na aiki. Motoci da yawa da aka kai don ƙarin ƙarfi, wannan gyaran kawai suke nema.

Mataki na takwas: inda ƙarin ja ke da amfani, da yadda za a yi shi

Yanzu ga gaskiyar ɗaya ɓangaren. Doguwar hanyar rairayi mai zurfi tana shan ƙarfi ƙwarai, domin kullum taya kamar tudu take hawa, kuma kana buƙatar riƙe gudu na tsawon kilomitoci. Haka jan tirela ko injin casa a baya, haka dogon hawa da cikakken kaya. Mai tsohon injin 5L, wanda jansa bai kai Nm 200 ba, zai ji wannan a jikinsa, kuma wanda ya tuƙa sabuwar Hilux mai injin lita 2.8 da ke kai Nm 500 ya san bambanci. Sannan duk wanda ya sa manyan tayoyi ya rage wa kansa ja da hannunsa: daga inci 30 zuwa 33, kusan kashi goma cikin ɗari ya tafi.

Idan matsalarka daga manyan tayoyi ta zo, fara da canja haƙoran aksul. Daga masu ninki sau 4.10 zuwa masu ninki sau 4.56 ya dawo maka da kusan kashi goma sha ɗaya, ba tare da injin ya ƙara ɗigon zafi ba. Sharaɗi ɗaya ne: na gaba da na baya dole su zama lamba ɗaya, kuma wanda ya iya saita su ne zai ɗaura.

Buɗe famfon gas kuwa ina roƙon ka ka bar shi. Ni na yi a tsohuwar motata mai 5L. Makaniken ya ce, "Alhaji, yanzu za ka ji ta kamar doki." Na ji ɗan bambanci, na kuma ga baƙin hayaƙi. Mai ne aka ƙara ba a ƙara iska ba, abin da bai ƙone ba ya fita hayaƙi, wanda ya ƙone ya zama zafi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kebbi ke haura digiri 40, ina tafe a hankali cikin rairayi da kaya, iska ba ta ratsa lagireto, gasket ya ƙone, kan silinda ya tsage. Garin neman gira na rasa ido.

Ɗaura tarbo a injin da ba a yi shi da tarbo ba, irin 1HZ ko 5L, yana yiwuwa, amma ba aikin rana ɗaya ba ne. Waɗannan injuna matsinsu na da yawa tun asali, kuma fistin ɗinsu ba a yi shi don wannan zafin ba; da Toyota ta so mai tarbo, wani inji ta ƙera daban, 1HD-T, mai nasa fistin da nasa kan silinda. Wanda ya nace, ya tsayar da matsin iskar tarbo ƙasa da PSI 10, ya sa na'urar sanyaya iskar tarbo, ya sa agogon auna zafin hayaƙi a gabansa, kuma ya riƙa ɗaga ƙafa idan allurar ta tashi. Agogon ruwa ba ya nuna wannan zafin sai ɓarna ta auku.

Injunan gas na zamani irin 2KD da 1KD da 1GD ana iya sake musu lissafi a ƙwaƙwalwa, kuma jan yana ƙaruwa sosai. Ka nemi ƙari matsakaici wanda ke zuwa a ƙananan juyi, ka sa a ajiye maka lissafin asali don a iya mayarwa, ka kuma shirya sayen kuloci mai ƙarfi, domin shi ne farkon wanda zai gaza. Nozul ɗin waɗannan injuna ba sa jure gurɓataccen mai, don haka mai shan gas ɗin bumburutu a jarka ya ƙara matata mai raba ruwa da mai tukuna. Injin fetur marar tarbo kuwa, irin 2TR, ɗan abin da za a samu ta kwamfuta ko sauya salansa bai kai kuɗinsa ba.

Kuma ka tuna da ninkin nan na arba'in. Duk Nm 50 da ka ƙara a inji, Nm 2,000 ne a kan ƙarafan da ke juya tayoyi. Lokacin da taya mai juyin banza ta cafki dutse kwatsam, gaɓar aksul ta gaba ko farfela ce ke biya. Wannan ba maganar kuɗi kaɗai ba ce. Kowa ya san halin da wasu dazuzzukan Zamfara da kudancin Kebbi ke ciki. Motar da ta kafe ana haƙo ta cikin awa ɗaya, wadda aksul ɗinta ya karye ko injinta ya buga da la'asar sakaliya, direba da yaransa ne za su shiga hatsari.

Na ƙarshe: ruwa da kayan ceto

Ƙarfin inji ba ya hana shi shan ruwa. Idan ruwa ya shiga ta hancin iska, fistin ba ya iya matse shi, sandarsa ce ke lanƙwashewa nan take. Sababbin Hilux zurfin ruwa na santimita 70 aka ƙayyade musu, tsofaffi ba su kai haka ba. A kowane mashigi, a sa wani ya taka da sanda tukuna. In ruwan na gudu har yana jan ƙafar mutum, a jira ya janye. Ana shiga a L4, giya ta biyu, tafiya ɗaya ba tsayawa. In ta mutu a tsakiya, kada ka yi mata ki, a jawo ta waje a kwance fulogi ko nozul a fitar da ruwan. Bayan ka ƙetare, taka birki sau da yawa ya bushe, in ka isa gida kuma a buɗe man aksul: idan ya koma kalar madara, ruwa ya shiga, a zubar a zuba sabo. Mai yawan bin fadama ya sa bututun shaƙar iska na sama, ya kuma sa a ɗaga ƙananan bututun numfashin aksul.

A bayan mota kada a rasa shebur, da katako mai faɗi na ɗora jak a laka, da faranti biyu na ƙarfe ko katako da za a cusa ƙarƙashin taya, da igiyar ja mai lambar nauyi a jikinta. Igiyar a ɗaura ta a ƙugiyar da ke jikin firam, ba a bamba ko kan ƙwallon jan tirela ba, kuma kowa ya ja da baya nesa kafin mai ja ya taka.